Haƙƙin Baƙo Matafiyi: Darasi Daga Hartum da Umdurman

(Taken shiri)

  Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore mana tafiya a bayanta, da salati ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nufinmu yau mu yi magana a kan wani haƙƙi wanda malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zaure, amma aiki da shi yana ta ƙaranci a birane, watau haƙƙin baƙo matafiyi, wanda guzurinsa ya ƙare a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, ba shi da abin dogara sai Allah, sai kuwa ƙarfin damtsensa. Domin maganar ta zauna sosai, za mu nufi gabas, zuwa biranen Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, inda kakanninmu su ne suka zama baƙin, waɗansu kuma suka zama masu masauki.

Ga wanda bai san wurin ba, Hartum tana zaune ne daidai inda manyan koguna biyu suka gamu, Farin Nilu wanda ya taso daga kudu, da Shuɗin Nilu wanda ya gangaro daga duwatsun Habasha, mahaɗar da mutanen garin ke kira Mugran, kusa da tsibirin Tuti. A yammacin ruwan kuwa Umdurman take, birnin da ya bunƙasa daga shekarar 1885 sa'ad da Mahadi Muhammadu Ahmad ya mai da shi mazauninsa, Halifa Abdullahi kuma ya riƙe shi a bayansa har zuwa yaƙin Karari na 1898. Tun da yake Umdurman ce ke fuskantar yamma, ita ce ƙofar da mai zuwa daga Darfur da Kurdufan yake fara ƙwanƙwasawa, kuma babbar kasuwarta da bakin ruwanta na Maurada sun ga ƙafafun mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram waɗanda ba mai iya ƙidaya su sai Wanda ya halicce su.

Abin da ya kai su can, galibinsu, niyyar sauke farali ce. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, talaka mai son ganin Ɗakin Allah yakan sayar da ɗan abin da ya mallaka, ya nemi gafarar dangi kamar mai barin duniya, ya ɗora iyalinsa a kan jaki ko takarkari, ya fita ta Maiduguri zuwa Fotlami, wadda yanzu ake kira Injamena, daga nan sai Abeshe, sai Jinena, sai Fashir, sai Nuhud, har ya kai Ubayyid, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso a shekarar 1912. Daga Ubayyid mai kuɗin tikiti yakan shiga jirgi ya ƙetare Farin Nilu a Kosti, ya bi ta Sinnar da Madani zuwa Hartum, sa'an nan ya nufi bakin Bahar Maliya, ko Sawakin ko Bur Sudan, ya jira jirgin ruwan da zai kai shi Jidda. Tsakanin Kano da Hartum, ko da a miƙe aka auna, ya haura kilomita 2,500. Ko bayan da motocin lori suka fara bin hanyar, har su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a 1948, wadda unguwar Wapa ta Fagge ke ɗauke da sunanta har yau, mai ƙaramin ƙarfi bai bar tafiyar zango-zango ba, sabili da guzurin da ya fito da shi daga gida ba safai yake wuce Abeshe ta ƙasar Wadai ba.

To, jama'a, a nan ne tambayar take. Mutumin da jakarsa ta ƙare tun bai yi rabin hanya ba, ga mata ga 'ya'ya, ga harshen da bai iya ba, da me ya ƙarasa? Amsa ita ce, abubuwa biyu ne suka ɗauke shi: karimcin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, da kuma aikin ƙodago da ya yi da hannunsa. Yakan sauka a gari ya yi damina guda ko biyu yana aiki, ya tara abin da zai kai shi gari na gaba, can ma ya sake sauka, har tafiyar da mota ke yi cikin makonni ta cinye masa shekaru, yaron da aka fito da shi a goye ya isa Makka da ƙafarsa.

Mu fara da ɓangaren masu masauki. Mutanen Sudan sun shahara da karɓar baƙo, shaharar da duk wanda ya zauna a cikinsu yake ba da shaida a kanta, amma abin lura shi ne ba su bar al'amarin ga zuciyar mutum ɗaya ba, sun yi masa tsari, sun gina masa ɗaki. A ƙauyukansu akwai halwa, wadda take makarantar allo ce kuma masaukin baƙi, inda matafiyi zai shiga ba tare da neman iznin kowa ba, ya sami gadon igiya irin nasu da suke kira angareb, idan magariba ta yi kuma magidanta su fito da akusansu, kowa da abin da Allah ya hore wa gidansa na asida ko kisra da miya, a haɗa a ci tare da baƙon, ba a tambaye shi sunan kabilarsa ba sai bayan ya wanke hannu. A bakin hanya kuma, a ƙarƙashin itace ko 'yar rumfa, sai ka ga randuna a jere cike da ruwan sanyi da moɗa a kai, sabil ke nan, wanda mai gida yake cikawa kullum domin wanda bai sani ba, wanda mai yiwuwa ma ba zai taɓa ganin fuskarsa ba.

Sama da halwar ƙauye akwai masid na manyan shehunai, watau zawiyar da ta haɗa masallaci da makaranta da ɗakunan baƙi da madafa wadda tukunyarta ba ta sauka. Mashahuri daga cikinsu shi ne na Ummu Dubban, gabas da Hartum, wanda Shehu Ubaidu wad Badar ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19, inda almajirai daga ƙasashe dabam-dabam ke kewaye wutar karatu da dare, kamar yadda namu almajiran ke yi a tsangaya, ana ciyar da su da duk wanda ya sauka ba a karɓar ko anini. A Umdurman kuma akwai hubbaren Shehu Hamadun Nil, inda 'yan Ƙadiriyya suka saba taruwa kowace Juma'a da la'asar sakaliya domin zikiri, wurin da baƙo daga ƙasar Shehu Usmanu ba ya jin kansa bare. Ga mazhaba ɗaya ta Imamu Malik, ga Risala da Muhtasar da ake karantawa can kamar yadda ake karantawa nan, ga allo da tawada da alƙalamin kara. Ko da yake mutanen bakin Nilu da ruwayar Duri suke karatu, namu kuwa da Warshu, bambancin bai hana almajirin Kano zama a halƙarsu ba.

Idan watan azumi ya kama kuwa, sai karimcin ya fito fili. Maza ba sa buɗa-baki a cikin gida. Ana shimfiɗa tabarmi a bakin titi, kowane gida ya fito da farantinsa, da dabino, da abin shansu mai tsami-tsami da zaƙi wanda mata ke shiryawa da dawa tun watan Sha'aban, suna kiransa hilu-mur. A kan babbar hanyar da ta tashi daga Hartum zuwa Madani, mutanen ƙauyukan yankin Jazira, wanda ke tsakanin kogunan nan biyu, sukan tsaya a tsakiyar kwalta gab da faɗuwar rana, su tare motoci manya da ƙanana, su rantse wa direba sai ya sauke fasinjojinsa sun sha ruwa, har ƙauye da ƙauye su riƙa gasa a kan wanda zai fi samun baƙi. Wannan al'ada ce sananniya, matafiya na kowace ƙasa sun gan ta da idonsu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, kada mu ɗauka wannan hali daga sama ya faɗo musu. Tushensa shari'a ce wadda mu da su muka yi tarayya a cikinta. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ya lissafa jinsi takwas na waɗanda ake ba zakka, ibnus sabil, watau ɗan hanya, yana cikinsu. Malaman fiƙihu kuma suka bayyana cewa matafiyin da guzuri ya yanke masa yana da rabo a cikinta ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, bai kuma sami mai ranta masa ba. Hadisi ingantacce, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya ɗaura girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya sanya liyafa kwana uku, abin da ya ƙaru a kan haka sadaka ne. Amma wannan hadisin bai tsaya a kan mai gida kaɗai ba, ya juya ga baƙon ma, ya hana shi zaman dirshan har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Ashe kuwa haƙƙi biyu ne aka ɗaure wuri ɗaya: mai gida ya buɗe ƙofa, baƙo kuma, da zarar gajiya ta sake shi, ya tashi ya nemi na kansa.

Misalan wannan suna nan a cikin ƙissoshin da muka taso muna ji. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana baƙo, ba guzuri ba masani, abin da ya fara yi kuwa shi ne shayar da dabbobin mata biyu da ya tarar a bakin rijiya. Mahaifinsu ya aika aka kira shi, ya kwantar masa da hankali, sa'an nan aka ƙulla yarjejeniyar aiki ta shekara takwas ko goma, da sharaɗi bayyananne, ba zalunci ba cuta. Haka kuma Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, sa'ad da ya yi hijira zuwa Madina, ɗan'uwansa na Ansaru Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mai bayarwa ya cika karimci, mai karɓa ya cika mutunci, ba wanda ya kunyata wani.

Wannan turba ita kakanninmu suka bi a Sudan, shi ya sa yanzu za mu duba ɓangarensu. A Kurdufan sun shiga dazuzzukan ƙaro suna tsaga itace suna tsintar danƙo. A Gadarif sun yi yankan riɗi da girbin dawa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a shekarar 1925, aka buɗe babbar gonar audugar Jazira a tsakanin kogunan nan biyu, manoman da aka raba wa filaye, waɗanda suke kira hawasha, suka rasa hannun da zai ishe su noma da tsintar auduga, mutanen yamma ne suka cike babban giɓin, maza da mata da yara, suna zaune a bukkoki a gefen magudanan ruwa, audugar da suka tsinta kuwa ita ce ta daɗe tana riƙe da arzikin ƙasar. A Bur Sudan sun yi dako a bakin jirage. A bakin Nilu kuma masunta daga cikinsu suka shiga ruwa da komarsu.

A cikin Hartum da Umdurman kuwa, ba wata sana'ar halal da suka raina. Mai ƙarfi ya yi ga-ruwa, ko leburanci a wurin gini, ko faskare. Wani ya buɗe wanki da guga. Wanzami ya rataya zabirarsa, mai yankan farce ya ɗauki almakashinsa yana zaga kasuwa, baduku ya sami wuri a layin masu fata, mahauci ya hura wutarsa da yamma yana gasa nama da ƙuli-ƙuli da yaji, abin da mutanen Sudan suka karɓa hannu biyu, har agashe ya zama abincin marmari a titunan biranensu. Mata suka riƙa soya gyaɗa suna sayarwa, suna surfe da daka a gidajen mutane. Almajiri mai kyawun hannu ya zauna yana rubuta allo da Alƙur'ani, malami kuma mutanen gari suka riƙa zuwa wurinsa neman addu'a, domin sun yarda da tsoron Allah na mutumin da ya taka ƙasa wata da watanni saboda Ka'aba. Da ɗan abin da ake samu a irin waɗannan ayyuka, kwabo bisa kwabo, ana ƙullewa a bakin zane ko a ba wani amintacce ajiya, aka biya kuɗin jirgin ƙasa da na ruwa.

Har wa yau akwai wani tsani a tsakanin baƙo da gari wanda bai kamata mu manta da shi ba, watau 'yan'uwansa da suka riga shi sauka. A wancan zamani, a kowane babban gari na hanyar akwai unguwar mutanen yamma da shehunta, kamar unguwar Ishash a Hartum. Sabon zuwa yakan nemi gidan mai masauki, a ba shi ɗaki ko inuwar zaure, a yi masa tafinta, a nuna masa inda ake ɗaukar ma'aikata, a tsaya masa idan ya shiga hannun hukuma saboda takardu, idan kuwa ajali ya riske shi a yi masa sutura a kai shi makwancinsa. Wanda aka yi wa haka bana, shi ne zai yi wa wani baɗi, da haka igiyar alherin ta miƙe daga Barno har bakin teku ba ta tsinke ba.

Gaskiya kuwa ta wajaba a faɗe ta duka. Ba kowace ƙofa ce ta buɗe ba, ba kuma kowane mai gona ne ya biya lada cikakke ba. An sami waɗanda suka ci gumin baƙi, an sami 'yan fashi da mayaudara a hanya, a zamanin da ma har da masu kama matafiya su sayar. Sunan Fallata da ake kiran mutanen yamma da shi sau da yawa yakan fito daga bakin waɗansu da raini, kuma jikokin da aka haifa a ƙasar, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai ita, sun daɗe suna shan wahala wajen samun takardar zama ɗan ƙasa da mallakar gona. Rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a shekarar 2022, wanda Hausawa da maƙwabtansu suka yi asarar rayuka a cikinsa, ya nuna cewa wannan miki bai warke ba. Darasin da ke ciki mai nauyi ne: ciyar da baƙo na kwana uku ya fi sauƙi a kan yi masa adalci na shekara talatin, alhali shari'ar da ta yi umurni da na farko ita ce ta yi umurni da na biyu, ita ce kuma ta ce a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Duk da haka, ku dubi abin da wannan cuɗanya ta haifar. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, aka ba su wurin zama a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da yake amsa sunan Mai Wurno har yanzu. A'ishatul Fallatiyya, 'yar wani malami mai asali daga ƙasarmu, ita ce ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, Sudan duka tana alfahari da ita har bayan rasuwarta a 1974. Alherin kuma ya komo mana gida: malaman Sudan ne suka zo suka riƙe Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta yaye alƙalai da malaman Arabiyya masu yawa, daga baya kuma ɗalibanmu, irin su Shehu Abubakar Mahmud Gumi, suka tafi makarantar Bahtar Ruda ta Sudan a 1954 domin ƙaro ilmi, bayansu dubbai suka bi zuwa jami'o'in Hartum da Umdurman.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, duniya juyi-juyi ce. Ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum, mutanen da suka saba shimfiɗa wa baƙo tabarma suka wayi gari su ne a kan hanya da ƙunshin kaya a ka. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka ƙetara zuwa Adare ta ƙasar Cadi, suna bin hanyar nan da kakanninmu suka bi, amma fuskarsu tana duban yamma. A cikin wannan musiba halin nan nasu bai mutu ba. Mutanen ƙauyuka sun tsaya a bakin hanya da ruwa da zoɓo da abinci suna tarbar masu gudu, cikinsu har da ɗalibanmu da aka kwaso a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan kafin a dawo da su gida. A unguwannin Umdurman da Hartum kuma, inda kasuwa ta mutu, albashi ya tsaya, matasa da mata da mutanen zawiyoyi suka kafa madafar jama'a, wadda suke kira takiyya da sunanta na dā, ana dafa wake ko adas a manyan tukwane da gudunmawar 'yan'uwa na nesa, kowa ya zo da kwanonsa, masu dafawar kuwa waɗansunsu sun rasa rayukansu a bakin aikin. Al'adar da aka reno a lokacin yalwa ita ce ta riƙe rayuka a lokacin tsanani.

To, mu fa? Mu duba ƙofar gidajenmu. Mai ga-ruwan da ke turo kura unguwarmu, ɗan ci-ranin da ya zo daga Maraɗi ko Tawa ko wani ƙauyen Katsina da rani, mai yankan farce, mai wankin takalmi, mai gadi, matar da rashin zaman lafiya ya koro daga garinsu tana neman wanki ko wanke-wanke, kowanensu yana tsaye ne a matsayin da kakan wani daga cikinmu ya taɓa tsayawa a kasuwar Umdurman. Mun san zamani ya zo da tsoro, mun san mugu yakan shigo da rigar baƙo, ba kuwa muna kira a yi sakaci ba ne. Abin da muke cewa shi ne a koma ga tsari irin na magabata, wanda ya haɗa karimci da lura: baƙo ya sauka ta hannun mai unguwa da liman, a san sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa, sa'an nan a ba shi haƙƙinsa cikakke, domin sanin baƙo ya fi tsare gari a kan korarsa ya kwana a kango inda ba mai ganinsa.

Ga abubuwan da kowa zai iya, gwargwadon hali. Mai gida ya ajiye randa ko tulun ruwa a ƙofar gidansa, musamman a watannin bazara. Kwamitin masallaci ya keɓe ɗaki ko rumfa domin matafiyin da dare ya yi masa, a kuma tuna da ɗan hanya ranar rabon zakka, kada a ba na gida kaɗai. Magidanta su raya al'adar ciyayya a ƙofar gida, wadda take neman ɓacewa tun da katanga ta yi tsawo, zaure ya zama shago. Wanda ya sa baƙo aiki ya yanke lada da shi tun kafin a fara, ya biya da an gama, kada ya rage masa don ya ga ba shi da mai tsaya masa, gama Allah shi ne mai tsaya wa wanda ba shi da kowa. Mai sana'a ya nuna wa sabon zuwa hanyar kasuwa, wannan sau da yawa ta fi sadakar kuɗi amfani. Wanda kuma yake da maƙwabci ɗan Sudan da yaƙi ya kawo garuruwanmu, ko ya sami amintacciyar hanyar aika gudunmawa ga masu ciyar da jama'a a can, ya sani ba kyauta yake yi ba, tsohon bashi ne yake ragewa.

Kai kuma ɗan'uwa matafiyi, idan muryarmu ta same ka a tasha ko a rumfar mai shayi, naka nauyin yana wuyanka. Ka riƙe amana, ka kiyaye idonka da hannunka a gidan da aka sauke ka, ka girmama al'adar mutanen gari, kada ka raina sana'a kome ƙanƙantarta matuƙar halal ce, kada kuma ka mai da roƙo abin yi alhali kana da lafiya. Ka tuna cewa halinka shi ne zai buɗe ƙofa ko ya rufe ta ga wanda zai zo a bayanka, kamar yadda gaskiyar mutanen farko ta sa aka riƙa ba na bayansu ajiya da mabuɗin gida a biranen Nilu.

Muna roƙon Allah ya kashe wutar fitina a ƙasar Sudan, ya mai da waɗanda suka warwatsu gidajensu cikin aminci, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na Hartum da na Umdurman da alhazanmu da ke kwance a maƙabartun hanya, ya saka wa duk wanda ya taɓa shayar da baƙo ko ya ba shi inuwa, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu tun muna da hali.   

(Taken rufewa)